Ƙirar Bonet Mai Mashaƙar Iska ga Motar A-kori-kura a Garejojin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake ƙera murfin injin motar a-kori-kura, wato bonet, tare da fitar masa da kafar shigar iska. Ta dubi dalilin yin kafar, da matakan aikin, da kuma haɗarin da ke tattare da yanka ta a inda bai dace ba, musamman a gari mai zafi da ƙura irin Kano. Maƙalar ta nuna cewa amfanin kafar ya dogara ga mazauninta da kuma inda iskar ke zarcewa, sannan ta ja hankalin manazarta Hausa ga kalmomin wannan sana'a.

1.0 Gabatarwa

Gyaɗi-Gyaɗi unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Tarauni ta Jihar Kano, a bakin titin Zariya. Duk wanda ya bi wannan titi zuwa Unguwa Uku, ko ya karkata ta Tarauni ya nufi titin Maiduguri, zai ga garejoji inda kanikawa da masu walda da masu fenti da 'yan fanal-bita suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Cikin motocin da suka fi zuwa hannunsu har da a-kori-kura, motar da ta zama jakar 'yan kasuwa da manoma tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara haɗa motoci a 1975, ya wadata ƙasar nan da su. A yau Toyota Hilux da takwarorinta ne suka gaji wannan matsayi.

Galibin aikin ɗan fanal-bita gyara ne: mota ta yi karo, ya buga ƙarfen ya koma yadda yake. Amma akwai aikin da ya wuce gyara, inda mai mota zai nemi a sauya wa bonet siffa, a tayar masa da doro mai baki a gaba. Wannan ƙira ce sosai, domin abin da babu shi ake samarwa.

2.0 Batun Suna

A wannan maƙala an kira kafar da "mashaƙar iska". An bi tsarin da Hausa ke gina sunan wuri da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -a, kamar a mashiga, mafita, marina da majema. An fifita wannan a kan "mashaƙi", wanda zai bi sahun sunayen kayan aiki irin su mabuɗi da magirbi, saboda kafar ba ta jawo iska da kanta. Wuri ce kawai da iska ke bi, kuma wannan bambanci shi ne ginshiƙin bayanin da ke tafe.

3.0 Aikin Mashaƙa

Inji yana ƙona mai ne da iska, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Duk ƙarin zafi na digiri 3 a ma'aunin Salshiyas yana rage nauyin iska da kimanin kashi 1 cikin 100. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, iskar da ke ƙarƙashin bonet ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Saboda haka injin da ke shaƙar iskar waje ya fi wanda ke shaƙar ta cikin ɗakinsa samun ƙarfi.

Akwai kuma zaton cewa gudun mota yana tura iska cikin inji da ƙarfi har ya ƙara masa kuzari mai yawa. Lissafi bai goyi bayan wannan zato ba. A gudun kilomita 100 cikin sa'a, matsin da iska ke ƙarawa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na matsin iskar da muke shaƙa ba. A cikin cunkoso kuwa, inda mota ke rarrafe, babu ƙarin komai.

Ana iya kasa mashaƙa gida uku. Ta farko ita ce mai kai iska ga matatar iskar inji ta bututu rufaffe. Ta biyu ita ce mai hura iska a kan na'urar sanyaya iskar tabo, wadda ake ɗorawa a saman wasu injinan dizal. Irin wannan ce ake gani a bonet ɗin Hilux mai injin dizal na lita 3 da ta fito wajen 2005, kuma a ƙarƙashinta akwai roba da ke manne bakin kafar da na'urar don kada iska ta zurare. Ta uku ita ce ta ado, wadda ko dai a toshe take, ko kuma tana zuba iska cikin ɗakin inji haka kawai.

Wannan ta ƙarshen ita ce mai illa. Lagireto yana sanyaya ruwa ne idan iska ta ratsa shi daga gaba ta fita ta baya, kuma hakan na faruwa ne idan matsin gaba ya fi na baya. Idan aka buɗe kafa mai fuskantar gaba tana cika ɗakin inji da iska, matsin bayan lagireto zai ƙaru, iskar da ke ratsa shi ta ragu. Sai a wayi gari motar da aka yanka wa bonet don ta sha iska ita ce ke tafasa a hanyar Wudil. Garin neman gira an rasa ido.

Mazaunin kafar ma yana da muhimmanci, domin matsin iska ba ɗaya yake ba a kan bonet. Jim kaɗan bayan goshin mota iska tana wucewa da sauri, matsinta kuma ƙasa yake, don haka wurin ya fi dacewa da mafitar zafi mai fuskantar baya. A gindin gilashin gaba iska tana taruwa, matsinta ya ɗaga. Wannan ne ya sa kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da bonet mai kafa tana kallon gilashi a motar Camaro ta 1969.

4.0 Matakan Ƙira

Mataki na farko awo ne. Maƙerin zai ɗaga bonet ya dubi haƙarƙarin ƙarfen da ke ciki, ya gano inda matatar iska take, da batir, da wayoyin wuta. Akan ɗora curin laka a saman inji a rufe bonet a hankali, kaurin da lakar ta koma shi ne tazarar da ke tsakani. Gogaggen ma'aikaci yakan shawarci mai mota ya sayo tsohon bonet daga Kasuwar Ƙofar Ruwa a yi aikin a kansa, a ajiye na asali.

Na biyu shi ne fitar da siffa da kwali. Ana yanka kwalin, a lanƙwasa, a manna a kan bonet, a koma nesa a duba, direba kuma ya zauna a mazauninsa ya tabbatar doron bai tare masa hanya ba. Kuskure a kwali ba ya cin kuɗi. Bakin mashaƙar yana bukatar ɗan tashi daga fatar bonet, saboda iskar da ke gogar ƙarfe tafiyarta a hankali take.

Na uku shi ne bugu. Ana shimfiɗa kwalin a kan fallen ƙarfe mai kauri daidai da na bonet, wanda yawanci bai kai milimita 1 ba, a yanka, a buga da guduma a kan dungun ƙarfe ko kututture. Inda aka buga ƙarfe yana baje, ya yi ciki. Inda aka tattare shi yana tsukewa. Da waɗannan biyun ake samar da kowane irin lanƙwasa.

Na huɗu walda ce, kuma a nan ake gane gwani. Fallen bonet faffaɗa ne, zafi kaɗan ke sa shi murɗewa. Don haka ba a jan walda a miƙe: ɗigo ake yi nan, a tsallaka can a yi wani, a bari ya huce, a daddale da guduma, har ɗigon su haɗe. Idan dole ta sa an yanke wani sashe na haƙarƙarin ciki, sai a kewaye ramin da sabon ƙarfe. Kamfani ya tsara haƙarƙarin ne yadda bonet zai naɗe a tsakiya idan an yi karo, maimakon ya kutsa cikin gilashi, saboda haka ba a taɓa wuraren naɗewar, haka ma maƙulli da maratayansa.

Na biyar shi ne gogewa da shafa fila da fenti. Fila mai kauri ɓoye aibi ce, kuma zafin inji da jijjigar hanya sukan tsaga ta. Cikin mashaƙar ma yana bukatar fentin hana tsatsa kamar wajenta.

5.0 Ƙura da Ruwa

Yanayin Kano ya ɗora wa wannan aiki sharuɗɗa biyu. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana ɗauke da ƙura mai laushi, ga kuma hanyoyin kasuwannin ƙauye da a-kori-kura ke bi. Ƙurar da ta tsallake matata tana cin zoben fistan kamar samfefa. Wajibi ne duk iskar da mashaƙa ta kawo ta bi ta matata, a kuma sa raga a baki saboda leda da tsakuwa.

A damina, musamman Agusta, matsalar ruwa ce. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda da yawa yana iya lanƙwasa sandar fistan nan take. Maganin shi ne a yi wa bututun gwiwa mai hawa sama, a huda ƙananan ramukan tsiyaya a ƙasansa, a kuma kauce wa buɗe kafa a saman wayoyin wuta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa mashaƙar iska tana amfani ne idan an san inda iskarta za ta, an kuma rufe mata hanya har can. In ba haka ba ado ce da ka iya jawo hasara. Ga manazarcin Hausa kuwa, garejin fanal-bita fage ne da bai samu kulawar da ƙirar gargajiya ta samu ba, alhali tarihin baka ya danganta kafuwar Kano kanta da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. A bakin ɗan fanal-bita ana jin tsofaffin kalmomi irin su ƙira, bugu, guduma da tsatsa suna tafiya tare da ararrun da Hausa ta yi wa kwaskwarima, irin su lagireto, fulogi, sifana da samfefa. Ilimin kuma daga bakin maigida yake zuwa kunnen yaro, ba a rubuce yake ba. Tattara waɗannan kalmomi daga garejojin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, tare da ma'anoninsu kamar yadda masu sana'ar ke amfani da su, aiki ne da ke jiran ɗaliban harshe da na al'ada.