Idan Tsatsa Ta Ci Fendar Tashar Jiragen Ruwa

A tashar Apapa, inda a da gyaɗar Kano ke sauka daga jirgin ƙasa ta hau teku, da ta Tin Can wadda aka buɗe a 1977, akwai waɗansu manyan baƙaƙen robobi manne da bangon da jirage ke jingina, ma'aikata na kiransu fenda. Aikinsu aikin gammo ne tsakanin kai da kaya. Domin jirgi mai nauyin dubban tan, ko da a hankali ya matso, ƙarfin da ke bayansa ya isa ya tsaga kankare ko ya lotsa jikinsa, in ba a sami abin da zai lanƙwashe ya shanye bugun ba.

Ita roba ba ta tsatsa. Illar tana ga ƙarfen da ke riƙe da ita, wato ƙusoshi da sarƙoƙi da farantin da ke fuskantar jirgi. Mafi munin wuri kuwa shi ne inda igiyar ruwa ke fantsama, domin a nan gishiri da iska da laima suke haɗuwa dare da rana, har ƙusa ta sirance alhali daga waje ana ganin fenda lafiya lau. Haka nan idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwan gishiri, ɗayansu yakan cinye da gaggawa.

Saboda haka sauya fenda yana bukatar natsuwa da tsari. Akan dakatar da jirage, a jira ruwa ya janye, injin ɗaga kaya ya tallafi tsohuwar fenda, sa'an nan a yanke ƙusoshin da suka ruɓe. Daga nan a binciki kankaren, a gyara inda ya fashe, a huda sababbin ramuka, a dasa ƙusoshin da aka lulluɓe da zinki ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, kana a ɗaura sabuwa daidai da girman jiragen da ke zuwa.

Haƙiƙa wannan amana ce a wuyan Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1955, domin idan mazaunin jirgi ɗaya ya rufe, jirage su yi jerin gwano, kuɗin jinkiri ya hau kan kaya, ƙarshenta mai saye a kasuwar Kwari ko ta Maraɗi shi zai biya. Wajibi ne a riƙa duba ƙarfen nan a kan kari, tun kafin ya saki.