Yadda furen wake ke gadon launinsa

A gonakin Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, ana shuka wake tsakanin hatsi, kuma furensa yakan fito fari ko shunayya. Launin nan gado ne: kowane tsiro yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A galibin irin wake, ta shunayya ce mai rinjaye. Idan aka haɗa mai farin fure da mai shunayya, ƴaƴan farko duk sukan fito shunayya. Farin bai ɓace ba, ya ɓuya ne, sai ya sake bayyana a jikoki, kusan ɗaya cikin huɗu. Haka Gregor Mendel ya gani a wani dangin wake, ya wallafa a 1866.

Furen wake yakan yi wa kansa barbara kafin ya buɗe, shi ya sa irin da manomi ya ajiye yake riƙe kamanninsa, saɓanin hatsi da iska ke gauraya shi. Don haka masu binciken aikin gona na cibiyar INRAN a Tarna, kusa da Maradi, idan za su haɗa iri biyu, da hannu suke buɗe furen, su cire sassan namiji, sannan su shafa garin furen da suka zaɓa.