Jiragen fito na Abijan a idon mai ɗaukar hoto

Duk ɗan Nijar da ya taɓa zuwa ci-rani Abijan, ko daga Tawa ya tashi, ko daga Maraɗi ko Damagaram, ya san abin da ke fara ba baƙo mamaki ran da ya sauka: birnin nan a bakin ruwa yake zaune, ruwa kuma ya ratsa shi ta kowane gefe. Ba kogi ba ne irin namu na Yamai, ba kuma teku ba ce. Wani babban tafki ne da ke kwance a bayan gaɓar teku, ana ce masa lagin Ebriye, tsawonsa kuwa ya kusa kilomita 130. Kowace safiya dubban mutane ke tsallake shi cikin ƙananan jirage domin zuwa wurin neman abinci: ma'aikatan ofis, ƴan lakwal, ƴan dako, da mata masu kai kaya kasuwa.

Baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido sun fi ɗaukar hoton dogayen benaye da manyan gadoji. Amma wanda ke son ya nuna yadda talakan birnin ke rayuwa, sai ya gangara tashar jirgi. Ɗaukar hoton waɗannan jirage aiki ne mai ƙa'idodi, kuma yana da amfanin da ya wuce sha'awa, kamar yadda za mu gani.

Jirage iri biyu, ruwa ɗaya

Kafin mutum ya ɗaga kyamara, ya kamata ya san abin da yake kallo. Abijan birni ne na mutum fiye da miliyan 5, bisa ga ƙidayar 2021. Unguwar Filato, inda manyan ofisoshi da bankuna suke, tana arewacin ruwan. Tireshbil, tsohuwar unguwar baƙi da ƴan ƙwadago, tana kudu a kan tsibiri. Abobo-Dume kuwa tana yamma da Filato, wani reshen ruwan ya raba su. Wanda ya bi hanyar mota daga wannan unguwa zuwa waccan sai ya yi dogon zagaye cikin cunkoso, alhali jirgi yana yanke tafiyar cikin mintoci kaɗan.

Jiragen iri biyu ne. Na farko shi ne bato-bis, watau jirgin ruwa mai aiki kamar bas, da rumfa da kujeru da tikiti da tasha tsayayya. Kamfanin SOTRA, wanda aka kafa a 1960 domin jigilar mutanen birni, shi ya fara sa su a ruwa a 1980. A 2017 wasu kamfanoni biyu masu zaman kansu, STL da CITRANS, suka shigo da nasu. Na biyu shi ne finas, dogon jirgin katako mai inji, wanda masu ƙaramin jari ke tuƙawa. Ya riga bato-bis zuwa, yana kuma shiga lungunan da babban kamfani ba ya kaiwa. A cikinsa za ka ga buhu da kwando da fasinja duk a wuri guda.

Ruwan kansa yana da hali. A 1950 aka fasa mashigin Biridi, wanda ya haɗa tafkin da teku, aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1951. Tun daga lokacin ruwan gishiri ke shigowa yana gauraya da ruwan daɗi. Bayan damina kuma, kogin Komowe yakan turo kainuwa da sauran ciyayi masu yawo a bisa ruwa, har su rufe bakin tasha su wahalar da matuƙa. Mai hoto ya riƙe waɗannan biyu a zuciyarsa: gishiri maƙiyin kayan aikinsa ne, kainuwa kuwa labari ce da ya cancanci a nuna.

Rana ita ce shugabar aiki

A Abijan rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe, tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma, kusan duk shekara, kuma duhu yana rufewa da sauri. Sa'a guda bayan fitowarta da sa'a guda kafin faɗuwarta, su ne lokutan da haske ke da taushi. Mai hoto ya yi sa'a, domin a daidai lokacin ne jirage suka fi cika da masu zuwa aiki da masu komawa gida. Da tsakar rana kuwa haske yana sauka a kai, fuskokin da ke ƙarƙashin rumfa su yi baƙi ƙirin, ruwa kuma ya yi fari fat kamar kwanon sha.

Wurin tsayawa ma rana ce ke zaɓa masa. Wanda ya tsaya a Abobo-Dume da sassafe yana duban gabas, rana tana ɓullowa ta bayan benayen Filato. Abin da zai samu shi ne inuwar jirgi da ta mutane, baƙaƙe a kan ruwa mai ƙyalli. Hoto ne mai kyau, amma ba a gane kowa a cikinsa. In fuska da launi yake so, sai ya jira la'asar a wannan wuri, ko kuwa ya tsallaka Filato da safe ya tari jiragen da ke tahowa daga yamma, rana tana bayansa.

Akwai wani tarko da ke kama kowane sabon shiga. Kyamara, ko ta ƙwararru ko ta cikin salula, tana auna hasken da ke gabanta ne ta yanke hukunci da kanta. In ta ga ruwa da sararin sama sun cika wurin da fari, sai ta rage haske, jirgin da mutanensa su fito a duhu. Maganin abin shi ne mutum ya ƙara hasken da hannunsa mataki ɗaya, ko ya taɓa hoton jirgin a fuskar salula domin ta auna a kansa. Masu kyamara suna kuma ɗaura wani gilashi mai kashe ƙyalli a gaban idonta, wanda ke sa launin ruwa da na katako su fito sosai.

Kada a raina ranar da ba ta da kyau. Cikin Disamba da Janairu hazon hunturu da ke tasowa daga wajenmu yakan kai har bakin teku, sai ka ga jirgi yana fitowa daga cikin ƙura, birnin ya ɓace a bayansa. Cikin Yuni kuwa, tsakiyar babbar damina, fasinja suna takure a ƙarƙashin tamfol. Waɗannan ranaku sun fi ranar rana tsaka faɗin gaskiyar tafiya.

Jirgi ba ya jiran kowa

Abin da ke motsi yana buƙatar kyamara ta ƙifta da sauri. Daga bakin gaɓa, kashi ɗaya cikin 500 na sakan ya isa ya tsayar da jirgi da feshin ruwansa. In kuwa mai hoto yana cikin jirgin, gara ya kai kashi ɗaya cikin 1000, saboda shi ma yana motsi. Kada ya jingina gwiwar hannu ko kyamara a jikin jirgi, domin karkarwar inji tana bi ta katako ta shiga hoton. Ya matse hannuwansa a ƙirji, jikinsa ya shanye girgizar.

Layin da ya raba ruwa da sama ya zama a miƙe. In ya karkace, mai kallo zai ga kamar ruwan zai zube. A bar fili a gaban hancin jirgi, domin ido ya ga inda ya nufa. A kuma sa wani abu a cikin hoton da zai faɗi wurin: gada, hasumiya, allon tasha. Jirgi shi kaɗai a tsakiyar ruwa yana iya zama na ko'ina.

Amma mafi yawan labarin a tasha yake. Lokacin da jirgi ya tsaya, yaron jirgi ya jefa igiya, ana miƙo ma tsohuwa hannu, ma'aikaci ya naɗe ƙafar wando kada ta jiƙe, mai talla ta gyara gammo kafin ta taka katako: nan ne ake ganin mutane. Mai haƙuri yakan zauna ya kalli jirgi biyu ko uku sun zo sun tafi bai ɗauki komai ba, har sai ya gane inda kowane abu ke faruwa. Sannan ya tsaya a wurin da ya dace ya jira na gaba.

Kayan aiki kuma suna son kulawa. A rataya igiyar kyamara a wuya kafin a taka jirgi. A ajiye ta cikin leda in ba a aiki da ita. Ba a canza idon kyamara a kan ruwa. Da an koma gida a goge jikinta da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi, domin gishirin da ya bushe yana cin ƙarfe, yana kuma kartar gilashi in an goge shi da bakin riga. Fiye da komai, ba a miƙewa tsaye farat ɗaya a cikin finas, ba a kuma rugawa gefe guda saboda hoto. Ran mutanen da ke ciki ya fi kowane hoto tsada.

Mutuncin fasinja da dokar ƙasa

Wanda ke cikin jirgin fito ba ya fito don a kalle shi ba ne, hanyarsa yake bi. Sallama da neman izini su ne mabuɗin aiki. A gai da matuƙi, a faɗa masa abin da ake nufi. A tashar kamfani kuwa a nemi shugaban tasha tukuna. In mutum ya kau da kai ko ya ɗaga hannu, a sauke kyamara. Mu da muka san ci-rani mun san dalili: wani ya bar gida da sunan fatauci, ga shi yau dako yake yi kafin Allah ya buɗa masa. Hoton da aka watsa ba da saninsa ba yana iya isa ƙauyensu kafin shi, ya zubar masa da girma a gaban surukai.

Har wa yau, bakin ruwan Abijan cike yake da wuraren da ake tsaro: babbar tashar jiragen ruwa, barikokin soja, da fadar shugaban ƙasa a Filato. Mai hankali ba ya nufar su da kyamara in ba da takardar izini ba. Tambayar ɗan sanda kafin aiki ta fi bayani bayan an kama mutum.

Hoto shaida ne

To, mene ne amfanin duk wannan wahala? Amfani na farko na yau ne. Hoton da aka ɗauka da gaskiya yana nuna abin da rahoton ofis ba ya nunawa: yawan mutanen da aka loda, tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa, ko akwai rigunan ceto a rataye ko babu, ko katakon tasha ya ruɓe. Ma'aikacin da ke kula da sufuri yana iya musun magana, amma da wuya ya musa hoto mai kwanan wata. Saboda haka kowane hoto a rubuta masa rana da sa'a da sunan tasha da irin jirgin. Kada kuma a ƙara ko a rage wani abu a cikinsa, domin shaidar da aka taɓa ta tashi daga shaida.

Amfani na biyu na gobe ne. Gadoji suna ƙaruwa a Abijan: ta Ufuwet-Bwanyi a 1957, ta Dagol a 1967, ta Konan Bediye a 2014, ta Alasan Watara a 2023, sannan wadda ta haɗa Yofugon da tsakiyar birni a 2024. Kowace gada tana sake hanyar da mutane ke bi. Mu a Nijar mun ga irin wannan da idonmu. Kafin a buɗe gadar Kenedi a 1970, jirgin fito ne ke ƙetarar da motoci da mutane a Yamai. A Fariye ma haka aka yi ta yi har zuwa 2021, lokacin da aka buɗe gadar Djibo Bakary. Gada alheri ce, ba mai ja. Amma yaron da aka haifa bayanta, in ba hoto ya gani ba, ba zai san yadda kakanninsa suka yi jiran jirgi a bakin ruwa ba.

Misali yana nan a gabanmu. A 1957 Jean Rouch ya ɗauki silimansa mai suna Moi, un Noir a Tireshbil, tare da samarin Nijar masu ci-rani. Babban ɗan wasan shi ne Oumarou Ganda, wanda a lokacin yake aikin dako a tashar jirage, daga baya kuma ya zama wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972. Albarkacin wannan aiki ne har yau muke iya ganin bakin ruwan Abijan na wancan zamani da irin zaman da ƴan'uwanmu suka yi a can.

Sai dai ɗauka ba ta isa ba, sai da adanawa. Paul Kodjo, mashahurin mai hoton Abijan na shekarun 1970, wanda ya rasu a 2021, ya damƙa ma wani matashin mai hoto, Ananias Léki Dago, tarin aikinsa a 2008, amma aka tarar danshi ya riga ya lalata kashi mai yawa. Hoton salula ma bai tsira ba: ran da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. A kwafe hotuna a wuri biyu, a wanke mafi kyawunsu a takarda, a rubuta bayani a baya.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa da ke hawa finas ko bato-bis kowace safiya da salula a aljihu, kana riƙe da abin da magabatanka ba su samu ba. Ka nemi izini, ka jira haske, ka ɗauka da gaskiya, ka rubuta ranar. Wata rana jikanka zai tambaye ka yadda aka ci Abijan, sai ka ɗauko ka nuna masa.