Kawa: Kiwon da Ba Ya Cin Kuɗin Abinci

Duk mai kiwon tarwada ya san abinci ne ke lashe jarinsa. Mai kiwon kawa kuwa ba ya sayen ko mudu ɗaya. Kawa halittar ruwan gishiri ce mai ɓawo biyu, wadda ke manne wa dutse ko icce tun tana ƙarama, daga nan ba ta sake gusawa. Ruwa take zuƙa, ta tace ƙananan tsirran da ido ba ya gani ta ci. Idan yanayi ya yi mata daɗi, babbar kawa ɗaya na iya tace kusan lita 190 a yini.

Aikin mai kiwo shi ne ya sama wa 'ya'yan wurin mannewa, ya kuma kare su. A Hiroshima ta Japan, ɓawo ake jerawa a waya a rataye ƙarƙashin gorar da ke shawagi a teku. A Faransa kuwa cikin jakunkunan raga ake zuba su, a ɗora kan teburan ƙarfe a gaɓa, ana juya su idan ruwa ya janye, har kimanin shekara uku. Sai dai ƙasar Sin ce uwa-uba, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na kawar da ake kiwo a duniya daga can take fitowa.

Irin da ake ci suna da dama. Akwai kawar Turai mai faɗi, da ta gabashin Amurka, da ta Sidni a Ostareliya. Amma kawar Japan ce ta fi yaɗuwa, saboda saurin girma da juriya. Yadda ta shiga Faransa abin lura ne. A farkon shekarun 1970 wata cuta ta share kawar Fotugal da masu kiwon ƙasar suka dogara da ita, sai aka kawo irin Japan daga Japan da Kanada. A 1979 wata cutar ta afka wa kawar Turai a yankin Biritani na Faransa. Da 2008 ta zo, ita kanta ta Japan ɗin sai ƙananan 'ya'yanta suka riƙa mutuwa birjik. A ganina, sana'ar da ta jingina da iri ɗaya tana cikin hatsari, kuma duk ƙasar da ke da nata irin ya kamata ta riƙe shi da kyau.

Afirka ta Yamma na da nata. Tana manne ne a saiwoyin itatuwan mangurof da ke tsirowa inda kogi ke haɗuwa da teku, daga Sanagal har gaɓar Najeriya. Mata ne ke cirar ta, cikin kwale-kwale, da ɗan gatari ko wuƙa, ɓawon na yanka musu hannu. Su dafa, su ɓare, su kai bakin titi.

A Gambiya, Fatou Janha Mboob ta haɗa irin waɗannan mata a ƙungiyar TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta ba su kaɗai haƙƙin cirar kawa a dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul. Matan da kansu suka amince a rufe cira wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, aka daina sare saiwoyi, ana kuma dasa sabbin itatuwa. Ba ƙaramin abu ba ne mace mai ciyar da gida ta yarda ta ajiye abin hannunta na tsawon haka. Masu cira a bakin kogin Densu kusa da Accra su ma sun bi sahu a 2017, suna rufe nasu wata biyar.

Abin da ya rage shi ne tsabtar ruwa. Kawa na tara duk ƙazantar da ta tace, kuma matan ba su da iko kan magudanan birni da ke kwarara cikin dausayi. Wannan nauyi a wuyan hukumomin Banjul da Accra yake.