Tsofaffin motoci: kowace da irin lam ɗinta na gaba

Tsohon doki sai mai shi, in ji Hausawa. A garajojin Maraɗi, Damagaram da Tawa ba a rasa tsohuwar Land Rover ko Toyota da ta kwanta shekara da shekaru, mai ita yana fatan ranar tashinta. A Ingila da Faransa irin waɗannan motoci sun zama kayan marmari, ana maido su yadda suka fito daga masana'anta. Amma sau da yawa hankalin mai gyara yana ga inji da fenti, ya manta da jerin faifayen ƙarfen da ke ɗauke da gaban motar, waɗanda makanikai ke kira lam, wasu kuma su ce sifirin.

Ba tsari ɗaya gare su ba. Ford T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, lam ɗaya gare ta a gaba, an gitta shi daga ƙafar dama zuwa ta hagu. Peugeot 203 da 403 ma gitta shi aka yi, kafin 404 ta zo a 1960 da sifirin mai murɗe. Land Rover kuwa, tun fitowarta a 1948, jeri biyu aka sa mata a tsaye, ɗaya kowane gefe, har zuwa 1983 da samfurin 110 ya canza tsari.

Ko a cikin Land Rover akwai bambanci. Gajerar mai shan isansi faifai 9 gare ta a kowane jeri, mai gazuwal da doguwar kuwa 11, saboda nauyi. Bugu da ƙari, na gefen direba ya fi ɗayan lanƙwasa. Wanda ya musanya su zai ga motarsa ta karkace tun ba ta ɗauki kaya ba. Mariƙin da ke lilo, wanda ke bai wa lam damar miƙewa, a Land Rover yana bayan jerin ne, a Toyota Land Cruiser 40 kuma yana gaba.

Lamarin ya wuce na kyan gani. A waɗannan motoci biyu, lam ne ke riƙe da sandar da ta haɗa ƙafafun gaba. In babban faifai ya karye, ko ƙusar tsakiya ta tsinke, sandar ta goce, sitiyari ya ƙwace daga hannun direba.

Nan ne araha ke yaudarar mutane. Walda a kan faifan da ya karye ba gyara ba ce: zafin wuta yana kashe taurin ƙarfen, ya sake karyewa a gefen ɗinkin. Dukan lam da guduma don maido da lanƙwasarsa yakan ɗaga mota na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake kwantawa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Aikin ƙwarai shi ne a kwance jerin gaba ɗaya, a kankare tsatsar da ta kumbura tsakanin faifayen, a duba tsaguwa kusa da ramin ƙusar tsakiya da idon babban faifai. A canza robobi da ƙusoshin ɗauri. In za a sa sabo, a sa na gefe biyu tare. Kada kuma a ƙarasa ɗaure ƙusoshin mariƙi sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robobin su murɗe su yage.

Akwai sabon samfuri mai faifai 2 ko 3, wanda ya fi taushi a hanyar burji. Mai neman motar aiki yana iya ɗaukarsa. Mai son ta riƙe darajarta a idon masu sayen tsofaffin motoci kuwa, gara ya tsaya ga irin wanda ta zo da shi.