Waƙar Elcados da Muka Bari Baƙi Suka Tono Mana

Tun da aka ba da labarin cewa masu kyautar Grammy a Amurka sun sanya faifan Fela Kuti mai suna "Zombie" a sahun fayafayan tarihi a 2025, wata magana ke ta yawo a bakin samarinmu. Na ji ta a teburin mai shayi a Kazaure, na kuma karanta ta a Facebook. Wai kiɗan jita kayan Legas ne, mu nan Arewa daga kalangu da kukuma sai muka faɗa fiyanon finafinan Hausa, babu komai a tsakani. Masu faɗar haka ba ƙeta ce ta sa su ba, rashin sani ne, kuma laifin namu ne da muka riga su ganin duniya.

Akwai abu a tsakani. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, samari a biranen ƙasar nan suka rungumi kiɗan rok, suna cakuɗa shi da kiɗan garuruwansu. Arewa ma ta yi nata. Cikin ƙungiyoyin da suka yi tashe a nan akwai Elcados, irin makaɗan da ke raya dare a otal-otal na Sabon Garin Kano da Kaduna. Kamfanin EMI ne ya buga musu faifai a farkon shekarun 1970. Daga cikin waƙoƙinsu akwai guda da aka rubuta sunanta "Ku Mi Da Hankan". Duk Bahaushen da ya furta sunan zai ji harshensa a ciki, zai kuma gane cewa wanda ya rubuta shi a bangon faifai bai ƙware da rubutun Hausa ba. Jitar cikinta gurnani take irin na Turawan lokacin, amma tafiyar gangunan ta ƙasar nan ce.

Waƙar ta yi shekaru fiye da talatin a kwance. Sai a 2008 kamfanin Soundway na Ingila, wanda Miles Cleret ya kafa, ya sake fitar da ita cikin tarin da ya kira "Nigeria Rock Special". Yau matashi a Landan ya san ta, jikan wanda ya yi rawarta a Kano bai taɓa jin sunanta ba. Haka aka yi wa Mamman Sani na Nijar: kaset ɗin da ya naɗa a 1978 da ɗan organ ɗinsa sai da Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da shi a Yamai, kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013. Bala Miller kuwa, wanda ya yi waƙa da Hausa tsantsa da babbar ƙungiyarsa, ya kuma yi shiri a talabijin na ƙasa, ya rasu a 2003. Tambayi ɗan shekara ashirin a Babura ko ya san shi.

Kada wani ya ce wannan tarihin Kanawa ne, ba namu ba. Lokacin da Elcados ke kiɗa, Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura duk Jihar Kano ce. Sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. 'Yan ci-rani da direbobi da malaman makarantarmu Kano suke zuwa, su dawo da abin da suka gani.

Kawuna yana cikinsu. Direban babbar mota ne a hanyar Kano zuwa Daura, yana da garmaho da akwatin ƙarfe cike da fayafayai. Ina tuna yadda yake hure ƙura daga kan allura, ya goge faifan da gefen rigarsa, sannan ya ce, "Ku matsa baya, yara, kada ku girgiza mini tabarma." A akwatin nan Shata na kwance kusa da Ɗan Maraya Jos, kusa da su kuma ga samarin jita masu wando fantalo da tulin suma. Da Allah ya yi masa rasuwa aka tura akwatin zaure. Gara ta cinye bangwayen, zafi ya lanƙwasa wasu, sauran kuwa mu yara muka mayar da su taya muna garawa a ƙofar gida. Ba wanda ya hana mu, don ba wanda ya ɗauke su dukiya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Elcados sun yi sa'a: kamfani ya buga su, an sami kwafin da ya tsira. To makaɗan ƙauyukanmu fa, waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar EMI ba? Mai gangar noma da ke zuga samari ranar gayya a gonakin Gwiwa, mai kalangun 'yan mata a dandalin Roni, matan da ke kiɗan ƙwarya ranar suna, mai gurmi da ke bin kasuwannin bakin iyaka ta Babura. Daga wurin irinsu samarin jita suka ɗebo tafiyar kiɗansu. Abin da ya rage na muryoyinsu kaset ne da wani mai rikoda ya ɗauka a gidan biki. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo neman irin waɗannan, na tarar da zaren naɗar sauti jibge a ƙasa, rufi na yoyo a kansu, wasu sun manne da juna kamar alewa. Ma'aikacin da ya raka ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, mun rubuta sama har mun gaji."

Na san akwai masu cewa kiɗa ba abin adanawa ba ne. Ba rawa nake kiran kowa ba. Cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakunan noma, da shekarun fari, da kalmomin da suka fita daga bakin mutane. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai yawa a kan makaɗan Hausa, amma malamin jami'a ba zai iya shiga kowane zaure a Roni ba.

Aikin ba shi da tsada: rikoda mai lafiya, kwamfuta guda, da ɗalibai masu haƙuri. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, muna da masarauta mai hakimai da dagatai da suka san kowane gida. Masu kula da tarihi da al'adu a Dutse su haɗa kai da su, a buɗe ɗaki guda da za a riƙa karɓar faifai da kaset, a juye, a rubuta sunan makaɗi da garinsu, a mayar wa mai abu abinsa. Kai kuma mai karatu, idan akwai irin akwatin kawuna a gidanku, ka ɗauke shi daga ƙasa tun kafin damina ta faɗi.