Gajeren fim da hannu ɗaya: inda wahalar take

A 1966 Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar, ya fitar da Bon Voyage Sim, fim ɗin zane mai motsi na kimanin minti biyar, a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Mai kallo zai gama shi kafin shayinsa ya huce. Amma majigi na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato minti biyar hoto 7,200 ke nan, kuma a fim ɗin zane ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarsu. Manyan kamfanoni mutane da yawa suke raba wa wannan aiki. Alassane, bakaniken da ya koyi harkar fim wajen Jean Rouch a Yamai, da hannunsa ya yi mafi yawan nasa. A zamanin kuwa, masu fim na ƙasashen rainon Faransa sai sun aika abin da suka ɗauka can Faransa a wanke, kafin su san ko ya yi kyau ko ya lalace.

Yau wannan jiran ya kau. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics, da wayar hannu da koren ƙyalle suka yi finafinan kimiyyar ƙage da suka ja hankalin duniya a 2019. Sai dai su gungu ne. Wanda yake shi kaɗai, shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne mai kyamara, shi ke sayo wa 'yan wasa abinci, kuma arhar kayan aiki ba ta ƙara masa hannu na uku ba.

Wurin da asirinsa ke fara tonuwa shi ne sauti. Mai riƙe da kyamara idonsa na kan fuskar ɗan wasa, ba zai iya ɗaga makirufo a kan sanda ba, balle ya sa na'urar kunne ya saurari abin da ke shiga. Kunnen ɗan Adam na tace hayaniya, makirufo kuwa ba ya zaɓe: janaretan maƙwabta, hon ɗin adaidaita sahu, iskar hunturu, duk kwashewa yake. Sai an koma gida a tarar maganar da labarin ya rataya a kanta ta nutse. A sake ɗaukar murya a ɗaki? Leɓe da magana su ƙi haɗuwa. Mai kallo na iya haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, ya tafi. Shi ya sa nake ganin duk wanda ke da kuɗin ɗaukar ma'aikaci ɗaya tak, mai sauti ya kamata ya ɗauka, ko da zai haƙura da sabuwar kyamara.

Sai lokaci. Wanda ba shi da fitilu da rana yake aiki, ita kuwa ba ta jira: fitowar da aka fara da hantsi, in ta kai azahar inuwa ta sauya wuri. Ɗan wasan da ba a biya ba, ba a yi masa dole. Mako mai zuwa yana iya dawowa da sabon aski, alhali rabin fitowarsa da suma aka ɗauka.

Mafi ɓoyuwar matsalolin tana wajen tacewa. Wanda ya sha rana kafin ya samu wani hoto ba ya son yanke shi, ko da yana jan labarin baya. Amfanin mai tacewa na daban ke nan, bai sha wannan ranar ba, labarin kawai yake gani. In babu shi, gara a nuna wa mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyin mai fim ɗin, a lura da inda suka fara duba wayoyinsu.

Bayan an gama kuma, ina za a kai shi? Kasuwar Kannywood ta karkata ga finafinai masu dogon zango a YouTube, gidajen sinima ba sa sayar da tikitin fim ɗin minti goma. Abin da ya rage shi ne bukukuwan finafinai irin su FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969 kuma yake da gasar gajerun finafinai. Da yawa daga cikin na ƙasashen waje kuɗin shiga suke karɓa da dala, kuma fim ɗin Hausa sai an rubuta masa fassara a ƙasan hoto, layi bayan layi, daidai da bakin mai magana. Wannan ma mutum ɗayan nan ne zai zauna ya yi.